Yadda mata da miji za su zaɓi Medicare a Amurka ba tare da an bar ɗaya babu inshora ba

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne abin da na gani a gidan kawuna a Bronx. Kawu ya yi shekaru yana aiki a wani kamfani, inshorar wurin aikin ita ke ɗauke da shi da matarsa, da ya kai 66 ya ce ya gaji zai yi ritaya ya koma Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga waɗanda suka kai 65, kowa ya ce madalla, amma babu wanda ya tsaya ya tambaya to ita Inna fa, ita da take da shekara 60 ga ciwon suga. Sai ranar da ta je karɓar magani aka ce mata katin ya daina aiki. Ta dawo gida ta ajiye jakarta ta ce "Alhaji, ashe katin naka na gwamnati ban da ni a ciki?" Wallahi shi ma bai sani ba, shi a tunaninsa tunda shi ne maigida duk inda ya shiga iyalinsa sun shiga. Mun sha wahala kafin muka gyara, kuma tun daga lokacin duk dattijon da ya kusa 65 a cikin mutanenmu sai na zaunar da shi da matarsa tare.

To abu na farko da za ku sa a ranku kenan, Medicare ba ta san iyali ba, mutum ɗaya kati ɗaya. Tun ranar da aka kafa ta haka take, a 1965 da shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar, tsohon shugaba Harry Truman aka ba kati na farko, matarsa Bess aka ba ta na biyu, nata daban. Miji na biyan nasa kuɗin wata, mata na biyan nata, kowa da ranar shigarsa, kowa da tararsa in ya makara. Amma duk da haka shawara tare za ku yi ta, don aljihun ɗaya ne, kuma akwai wurare uku huɗu da auren yake shiga lissafin sosai.

Mataki na farko: ku fito da takardu ku rubuta ranaku

Ku ɗauko fasfo, girin kad ko takardar zama ɗan ƙasa, katin Social Security da takardar aure. Ku samu takarda ɗaya ku ja layi a tsakiya, gefe ɗaya na Alhaji gefe ɗaya na Hajiya. A saman kowane gefe a rubuta watan da mutum zai cika 65. Ƙofar shiga ta farko wata 7 ce, wata 3 kafin watan haihuwar, watan kansa, da wata 3 bayansa. In kun yi rijista a cikin wata ukun farko inshorar tana farawa ranar 1 ga watan haihuwarku, in kun bari ya wuce sai watan da ke bin wanda kuka yi rijista.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Da yawa cikin iyayenmu ranar haihuwar da ke fasfonsu 1 ga Janairu ce, don lokacin da aka yi musu takarda a gida haka aka rubuta. Wanda ranar haihuwarsa ta faɗo 1 ga wata, Medicare tana lissafa shi kamar a watan da ya gabata ya cika 65, kenan tasa tana iya farawa 1 ga Disamba, kuma ƙofar tasa gaba ɗaya ta matso da wata ɗaya, ta buɗe da wuri ta kuma rufe da wuri. Ranar da ke takarda ita ce ake bi, ba wadda kuka sani a ka ba.

Wanda ya riga ya fara karɓar kuɗin Social Security, wato fanshon gwamnati, kafin 65 shi ba sai ya nema ba, katin mai launin ja da fari da shuɗi zai zo masa ta gidan waya. Wanda bai fara karɓa ba kuwa babu mai tuna masa, shi zai je ofishin Social Security ko ya shiga ssa.gov ko ya kira 1-800-772-1213.

Mataki na biyu: ku duba makin aikin kowa

Sashen A shi ne na kwanciya asibiti, kuma kyauta ne ga wanda ya tara maki 40 na aiki, kusan shekara 10 kenan yana aiki ana cire masa haraji. Maki 4 kawai ake iya samu a shekara, a 2025 kowane maki ɗaya albashin dala 1,810 ne. Nan ne masu tuƙin tasi da masu kitso da masu shago suke samun matsala, don aikin da aka yi ana karɓar kuɗi a hannu ba a bayyana wa masu haraji ba, ko shekara talatin aka yi ana yi, bai shiga lissafi ba. Don haka kada ku yi zato, kowa ya buɗe asusunsa a ssa.gov ya ga makinsa da idonsa.

In ɗaya ya cika 40 ɗaya bai cika ba, a nan aure ke amfani. Matar da ba ta taɓa aikin albashi ba tana samun Sashen A kyauta a kan makin mijinta in ita ta kai 65, shi kuma ya kai aƙalla 62, kuma auren ya shekara ɗaya. Haka miji ma yana samu a kan makin matarsa, kuma wannan yana faruwa sosai a wurinmu, don mata da yawa sun daɗe suna aikin kula da tsofaffi a gidaje ana biyansu da cek ana cire haraji, alhali maigidan shi nasa na hannu ne. Wadda aka rabu da ita ma tana iya samu in auren ya kai shekara 10 kuma ba ta sake aure ba, wadda mijinta ya rasu kuma in auren ya kai wata 9. Shi ya sa na ce ku nemo takardar aure tun yanzu, in a Kano ko Kumasi ko Yamai aka ɗaura ku sa a nemo muku shaidar, in ba da Turanci take ba a fassara ta, kada ku bari sai ranar da aka tambaya sannan a fara buga waya gida.

In babu wanda ya cika, sayen Sashen A ake yi kuma da tsada, a 2025 dala 518 a wata ga mai ƙasa da maki 30, dala 285 ga mai 30 zuwa 39. Kuma mai girin kad da ba shi da makin, nasa ko na abokin zamansa, sai ya shekara 5 a jere a ƙasar kafin ma a bar shi ya saya. In mutum yana da maki 36 ko 37 gaskiya ni shawarata ya daure ya ƙara shekara ɗaya yana aikin da ake cire haraji, ya cika, shi da matarsa duk sun huta.

Mataki na uku: wa ke aiki har yanzu, kuma wa inshorar aikin ke ɗauke da shi

Wannan shi ne wurin da aka fi faɗawa rami, don haka zan ɗan daɗe a kai. Sashen B shi ne na ganin likita da gwaje-gwaje da aikin da ba a kwana, kowa yana biyan kuɗin wata, a 2025 dala 185 ne, ku biyu 370 kenan duk wata, 4,440 a shekara. Dole mutum ya ji kamar ya jinkirta shi. Ana iya jinkirtawa ba tara, amma da sharaɗi, sai in kai ko matarka ɗaya yana kan aiki yanzu haka, kuma inshorar wannan aikin ce ke rufe ku. Sai dai in ƙaramin wuri ne da bai kai ma'aikata 20 ba, Medicare ce ke fara biya da zarar mutum ya kai 65, in bai shiga Sashen B ba inshorar aikin tana iya ƙin biyan kason da ya kamata Medicare ta biya, sai bil ya dawo kansa. Ku je ofishin ma'aikata na wurin aikin ku tambaya baki da baki: mu nawa ne a nan, kuma in na kai 65 wa ke fara biya?

Ranar da aikin ya ƙare ko inshorar ta tsaya, duk wanda ya riga, agogon wata 8 ya fara bugawa na shiga Sashen B ba tara. Fom biyu ake cikewa, CMS-40B naka ne, CMS-L564 kuma wurin aikin ne za su cike su tabbatar kana da inshorarsu. Ku karɓi na biyun kafin a yi sallama da wurin aiki, bayan an tafi samun sa hannunsu wahala ne. In duk ku biyun kun wuce 65 kuna kan inshorar aikin mutum ɗaya, to kowa da nasa fom ɗin, ba ɗaya za a cike a ce ya wadatar ba.

Kuma dan Allah ku ji wannan da kyau, COBRA, wato ci gaba da inshorar tsohon wurin aiki kana biya da kanka, ba ta tsayar da agogon nan. Inshorar 'yan ritaya ma ba ta tsayar da shi. Mutum zai ga yana da kati a aljihu ya ɗauka yana da lokaci, wata 8 su wuce. Tarar kuwa kashi 10 cikin 100 ce a kan kowace cikakkiyar shekara da aka makara, kuma ba sau ɗaya ake biya ba, har ƙarshen rayuwa ce. Shekara biyu kashi 20 kenan, a kan 185 dala 37 ƙari duk wata, kuma kuɗin watan na hawa tarar na hawa. Ga shi kuma sai ka jira ƙofar gama-gari ta 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris kafin ka shiga.

Sai kuma maganar Inna, wato ƙaramin cikinku da bai kai 65 ba. Kafin babban ya miƙa takardar ritaya, a fara samar wa ƙaramin wurin tsayawa. Hanyoyin su ne, in ita ma tana aiki ta koma inshorar wurin aikinta, ko ta ci gaba da COBRA wanda yawanci wata 18 ne, wani lokacin har 36 ga mata ko miji, sai dai kuɗin gaba ɗaya a kanku yake kuma da nauyi, ko ta sayi inshora a kasuwar gwamnati ta healthcare.gov, a New York kuma NY State of Health, kwana 60 ake bayarwa daga ranar da aka rasa ta aiki, kuma rangwamen da za a yi mata ya dogara da kuɗin shigar gidan gaba ɗaya har da na mijin, ko kuma Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, in samun gidan ya yi ƙasa. Wani lokacin in aka yi lissafi sai a ga gara maigidan ya ƙara shekara ɗaya ko biyu a wurin aiki saboda ita kawai, kuma ba laifi ba ne a yanke haka in lafiyarsa za ta ɗauka.

Ƙaramin abu ɗaya, mai asusun ajiyar kuɗin lafiya na HSA ya daina zuba kuɗi a ciki in zai shiga Medicare, kuma wanda ya shiga bayan 65 ana mayar da Sashen A ɗinsa baya har wata 6, don haka ya daina tun wata shida kafin.

Mataki na huɗu: ku juye ledar magani a kan tebur

Kafin ku kalli ko wane tsari, ku koma kan takardar nan mai layi a tsakiya. Kowa ya kawo kwalaben maganinsa, a kwafi sunan daga jikin kwalbar harafi da harafi, da ƙarfinsa, da sau nawa ake sha. A gidan Kawu da muka yi haka, gefensa layi biyu ne kawai, na hawan jini da na kitsen jini, gefen Inna kuwa sai da muka juya bayan takarda, insulin, na suga na sha, ɗigon ido, na ƙafa. A ƙasa a rubuta likitocin kowa da asibitin da yake zuwa da kemis ɗin da yake karɓar magani, sannan a rubuta aikin da likita ya ce yana tafe, kamar na gwiwa ko na yanar ido. Daga ganin takardar nan kaɗai za ku gane cewa ba lallai tsari ɗaya ya dace da ku biyun ba, kuma babu dokar da ta ce sai kun yi iri ɗaya.

Mataki na biyar: hanya biyu ce, kowa ya zaɓi tasa

Hanya ta farko ita ce Medicare ta asali, Sashen A da B kai tsaye daga gwamnati, kana zuwa duk likitan da ke karɓar Medicare a ko'ina cikin Amurka ba sai an tura ka ba. Matsalarta ba ta biya duka. A 2025 in an kwantar da kai dala 1,676 na farko naka ne, a Sashen B kuma kai za ka fara biyan 257 a shekara, daga nan su biya kashi 80 kai ka biya 20, kuma wannan kashi 20 ɗin ba shi da iyaka, a ce magani ya ci 50,000 to 10,000 a wuyanka yake. Shi ya sa ake haɗa ta da Medigap, inshorar kamfani mai cike giɓin, sannan a sayi Sashen D na magani daban. Tsare-tsaren Medigap da haruffa ake kiransu, kuma a yawancin jihohi harafi ɗaya abu ɗaya yake biya ko a wane kamfani, farashi ne kawai ya bambanta, don haka G na wannan kamfanin da G na wancan duk ɗaya ne, ku nemi mai sauƙi. G yana ɗauke kusan komai ban da 257 ɗin nan. N ya fi araha amma kana biyan har dala 20 in ka ga likita, har 50 in ka je imajensi ba a kwantar da kai ba. F da C an rufe su ga wanda ya cancanci Medicare daga 1 ga Janairun 2020. Wasu kamfanonin suna rage kuɗi in mata da miji duk a wurinsu suka saya, ku tambaya, amma ku gwada da farashin wani kamfanin tukuna don wani ko da rangwamen ya fi tsada.

Hanya ta biyu Medicare Advantage, wanda ake kira Sashen C, kamfani ne ke karɓar ka ya haɗa maka asibiti da likita da yawanci magani a kati ɗaya, sau da yawa har da ɗan abin haƙori da tabarau da abin ji, waɗanda Medicare ta asali ba ta biya. Shi ne wanda kuke gani ana talla a talabijin ana cewa kuɗin wata sifili. Sifilin gaskiya ne amma kuɗin watan Sashen B yana nan kana biya, sannan duk zuwa likita akwai ɗan abin da za ka bayar, kuma dole ka tsaya cikin jerin likitocinsu, musamman in tsarin irin wanda ake kira HMO ne, irin PPO kuwa yana barin ka fita amma da ƙarin kuɗi, kuma manyan ayyuka da yawa sai kamfanin ya amince kafin a yi. Alherinsa yana da silin, a 2025 doka ta ce abin da za ka kashe a cikin jerin nasu kada ya wuce dala 9,350 a shekara, wasu tsare-tsaren nasu ya yi ƙasa da haka. Amma ku tuna silin ɗin na mutum ɗaya ne, in Allah ya kawo shekarar da ku biyun kuka kwanta, sau biyu ne.

Ra'ayina a nan, wanda yake da ciwo mai ci gaba da likitoci uku huɗu da ya saba da su, in aljihu zai ɗauka, ya yi asali da Medigap. Mai ƙoshin lafiya da likitansa ke cikin jerin kamfanin yana iya yin Advantage. Gida ɗaya ana iya samun ɗaya nan ɗaya can, kuma sau da yawa haka ya fi sauƙin kuɗi. Abin da ba a yi shi ne mutum ɗaya ya haɗa Medigap da Advantage.

Sai dai akwai tarko. Ƙofar Medigap wata 6 ce daga ranar da Sashen B ya fara kana da 65 ko fiye, a cikinta babu kamfanin da zai ƙi ka ko ya ƙara maka kuɗi don ciwon da kake da shi. In ta wuce, a yawancin jihohi za su yi maka tambayoyin lafiya kuma suna da damar su ce a'a. Kenan wanda ya ce bari in fara da Advantage in na tsufa na koma Medigap, lokacin da zai buƙace shi shi ne lokacin da za a iya ƙin sa. New York da Connecticut sun bambanta, a can ana iya saye kowane lokaci, amma in kuna da niyyar komawa wurin yara a Ohio ko Texas ku sa wannan a lissafi. Wanda ya fara da Advantage yana cika 65 yana da wata 12 na gwaji da zai iya dawowa ya sayi Medigap ba a ƙi shi ba.

Mataki na shida: maganar tafiya gida da Saudiyya

Wannan masu talla ba za su faɗa muku ba, mu kuwa shi ne rayuwarmu, an yi ritaya ana so a je gida a yi wata huɗu biyar, a je Umra, a je aikin Hajji. Medicare ta asali kusan ba ta biyan komai a wajen Amurka, Sashen D ma ba ya biyan maganin da aka saya a waje. Medigap G da N da wasu haruffan suna biyan kashi 80 na ciwon gaggawa a ƙasar waje bayan ka biya dala 250 na farko, amma sai in abin ya faru a cikin kwana 60 na farkon tafiyar, kuma duka-duka 50,000 ne a tsawon rayuwa. Wasu tsare-tsaren Advantage ma suna biyan gaggawa a waje, sai ku sa a nuna muku a rubuce. Kuma yawancin Advantage in ka bar yankinsu fiye da wata 6 a jere suna cire ka. To in Hajiya ce mai daɗewa a gida wurin jikoki Alhaji kuma yana nan, kun ga wani dalilin kenan da zai sa zaɓinku ya bambanta. Kafin tafiya ku nemi likita ya rubuta maganin kwana 90, ku gaya wa kemis tafiya za ku yi. Kuma kada a yanke Sashen B don kawai za a yi shekara a gida, in an dawo tarar nan tana jira.

Mataki na bakwai: gwada tsarin magani, kowa shi kaɗai

Ku shiga medicare.gov wurin gwada tsare-tsare, ku sa lambar yankinku, ku shigar da magungunan mutum ɗaya da kemis ɗinsa, ku duba jimillar kuɗin shekara, ba kuɗin wata kaɗai ba. Ku gama da shi sannan ku sake daga farko da na ɗayan. Kowane tsari yana da jerin magungunan da yake biya, wanda ya yi wa Alhaji daidai ƙila babu ɗigon idon Hajiya a ciki. Yanzu abin ya yi sauƙi a kan da, insulin ba ya wuce dala 35 a wata, kuma a 2025 an sa silin na dala 2,000 a shekara a kan magungunan da tsarin ke biya, shi ma na mutum ɗaya ne. Wanda ba ya shan komai ma ya ɗauki mafi araha, don in ya zauna kwana 63 ba inshorar magani mai inganci akwai tara ta kashi 1 cikin 100 a kan kowane wata, ita ma ba ta fita. In Advantage ne kuma kada ku tsaya kan abin da ke intanet, ku kira ofishin likitan da kanku ku faɗi cikakken sunan tsarin ku ji ko suna karɓa.

Mataki na takwas: kuɗin shigar gida

In samunku kaɗan ne, ku nemi taimako kafin ku sayi komai, babu kunya a ciki, harajinku ne. Akwai Medicare Savings Program da ke biya wa mutum kuɗin watan Sashen B, akwai Extra Help na magani, akwai Medicaid da ake haɗawa da Medicare, wanda ya samu Medicaid ma yawanci ba ya buƙatar Medigap. Da samun ku biyun ake auna su. In kuma samun da yawa ne, ana ƙara kuɗin B da D, a 2025 daga sama da 212,000 ga ma'auratan da suka cike haraji tare, 106,000 ga mutum ɗaya, kuma harajin shekara biyu baya ake dubawa. In ritaya ta sa samun ya ragu, fom SSA-44 ake cikewa a nemi a sake lissafi.

Duk wannan ba sai kun yi ku kaɗai ba. Kowace jiha tana da masu ba da shawara kyauta da ake kira SHIP, a New York sunansu HIICAP, su ba sa sayar da komai, ba kamar dillalin da kamfani ke biya kamasho ba. A layin Medicare na 1-800-633-4227 kuma suna haɗa ka da tafinta kyauta in ka nema. Wanda ya bugo muku waya haka kawai ya ce daga Medicare yake a karanto masa lambar kati, ku kashe wayar.

Na ƙarshe: izini, da dubawar kowace kaka

Ko shekara arba'in kuka yi da aure, in ka kira Medicare kan maganar matarka ba za su gaya maka komai ba sai da izininta. Fom CMS-10106 ne, kowa ya cike wa ɗan uwansa tun kuna lafiya, ku ƙara da ɗaya cikin yaran da kuka yarda da shi, kamfanin Advantage ko na magani shi ma yana da nasa fom ɗin daban. Ranar da mutum yake kwance ba ya iya magana ba ranar neman sa hannu ba ce.

Sannan duk ƙarshen Satumba kamfanin zai aiko da wasiƙar canje-canjen shekara mai zuwa, kowa da tasa, kada a cusa ta cikin tarin takardun talla. Ku buɗe ku duba abu uku, kuɗin wata, magungunanku suna nan a jerin, likitanku yana nan. Daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba ake canza tsari, sabon ya fara 1 ga Janairu, mai Advantage kuma yana da ƙarin dama ɗaya daga Janairu zuwa ƙarshen Maris. A gidan Kawu yanzu fayil biyu ne a saman firij, kore nasa, ja na Inna, ita tana kan inshorar kasuwar jiha har ta cika 65, kuma a bangon fayil ɗinta mun rubuta watan da ƙofarta za ta buɗe da babban baƙi, tare da watan da za a tsayar da waccan inshorar don kada a biya biyu ko a bar rana ɗaya a tsakani.